Kalmomin Rahoton Kasuwanci da na Aiki a Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Mai rubuta rahoto a Damagaram da harshe uku yake fama. Akwai Hausar kasuwa, wadda ake ciniki da ita a Kasuwar Dole. Akwai Faransancin biro, wanda takardun duwan da na banki da na ma'aikatar haraji suke zuwa da shi. Sai kuma Hausar rediyo da jaridun Kano, wadda ke shigo mana ta Magarya da Matamai tare da kaya. Lamba ɗaya takan ratsa ukun nan kafin ta isa kunnen mai saurare, kuma a kowace mashiga tana iya canza kama. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasan ƴan jarida, sakatarorin ƙungiyoyi da yaran shago masu riƙe littafin ciniki suka fi yawan yi.

Idan zan faɗi farashi, da dala zan faɗa ko da sefa?

A kasuwa babu mai ƙirga tamma ɗaiɗai. Dala ita ce tamma 5, wato sefa 5, kuma da ita ake magana. Ka tsaya gaban mai awo ka ce, "Alhaji, nawa tiyar gero yau?" Ya ce maka, "Dala ɗari da arba'in, Malam, kuma ba ragi." Duk ɗan gari ya san 700 ake nufi. Amma idan ka rubuta 140 kawai a ɗan littafinka, ka kai biro, mai buga takarda ya sa masa sefa a gaba, to an mayar da farashin gero kashi ɗaya bisa biyar na gaskiyarsa, kuma babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a rahotannin farashi, ya kuma fi kowane sauƙin kaucewa.

A rubuce, sa sefa da lambobi: sefa 700. A rediyo, faɗi duka biyun, domin tsohuwar da ke saurare a Birni da dala take lissafi. Jika kuwa sefa 1,000 ce, wato dala 200. A nan ma da tarko: a bakin dattawan Kano jaka naira 200 ce. Idan rahoton zai tsallaka iyaka, kada ka ce "jika ashirin" ka yi shiru. Ƙara da cewa sefa 20,000.

Mene ne bambancin ciniki da riba? Ba duk kuɗin da suka shigo ba ne?

A'a, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan zauna. Rashin raba kalmomin nan biyu ya karya ƙananan ƴan kasuwa da yawa, ya kuma sa ƴan jarida suna yi wa kamfanoni kirarin arzikin da ba su da shi.

Ciniki shi ne jimillar abin da aka sayar. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi da duk wata ɗawainiya. Mu ɗauka wani ya je Bakin Birji ya saro buhu 20 na gero, kowanne sefa 25,000. Uwar kuɗinsa 500,000 ke nan. Ya biya mota 20,000, ƴan dako 8,000 lodi da sauke, la'ada da harajin kasuwa 7,000, hayar sito 5,000. Ɗawainiya ta tashi 40,000. Ya zo gari ya sayar da kowane buhu 28,000. Cinikinsa 560,000. Ratar da ke tsakanin saye da sayarwa 60,000 ce, kuma ita ce mutane da yawa suke kira riba. Tsantsar ribarsa 20,000 ce kacal.

To a ce buhu 3 daga ciki bashi ya bayar, sai bayan Sallah za a biya. A littafi ya ci riba, amma kuɗin da ke hannunsa 476,000 ne, ko uwar kuɗin ba su kai ba, balle ya koma kasuwa ya sake saro irin wannan kaya. Saboda haka kalmomi uku ne ya kamata mai rahoto ya riƙe daban-daban: ciniki, riba, da kuɗin hannu. Idan shugaban wani kamfani ya ce maka "mun yi miliyar kaza bana", kada ka tashi sai ka tambaye shi: "Ranka ya daɗe, ciniki ne ko riba?"

Jari, uwar kuɗi, kadara, hannun jari: duk ɗaya ne?

Suna kusa amma ba ɗaya ba ne. Jari shi ne abin da aka zuba aka kafa sana'a. Uwar kuɗi an fi faɗinta a kan wani ciniki ko wani bashi guda, kishiyar riba ko kuɗin ruwa. Kadara ita ce abin da aka mallaka mai daraja: sito, mota, injin niƙa, fili. Hannun jari kuwa rabon mutum ne a cikin mallakar kamfani. Misali a kusa da mu: matatar man SORAZ, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ke da kashi 60 cikin 100 na hannun jarinta, gwamnatin Nijar kashi 40.

Miliyar ko biliyan?

Adadi ɗaya ne, miliyan dubu. Mu a Nijar miliyar muka saba ji saboda Faransanci, ƴan uwanmu na Najeriya biliyan suke cewa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen rahoton. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne waƙafi da ɗigo. Takardar Faransanci da waƙafi take raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuma ta raba su da fili ko da ɗigo. Littattafan Hausa da jaridun Najeriya akasin haka suke yi. Yuro ɗaya, a takardar banki za ka gan shi 655,957, ma'ana sefa 655 da ƴan kai. Mai karatu a Kano ya ga wannan, sai ya ɗauka sefa dubu ɗari shida da hamsin da biyar ne. Idan za ka juya takarda zuwa Hausa, juya alamomin ma: 655.957. Idan kuma gutsuren ba shi da amfani ga mai karatu, ka ce kusan sefa 656.

Yaya ake amfani da "kashi cikin ɗari" ba tare da an yi ɓaranɓarama ba?

Kullum ka tambayi kanka: kashi cikin ɗari na me? Buhun da ya tashi daga 25,000 zuwa 30,000 ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Amma da ya sauko daga 30,000 ya koma 25,000, bai ragu da kashi 20 ba, ragin bai kai kashi 17 ba, domin yanzu a kan 30,000 ake aunawa. Farashin da ya ninka ya ƙaru da kashi 100 ke nan. Kalmar "ninki" kuwa, ni na fi son a bi ta da lambobin kansu, a ce daga kaza zuwa kaza, saboda "ya ƙaru ninki uku" kowa da yadda yake jin ta.

Harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya mai saye ya biya, shi ma wurin tuntuɓe ne. A Nijar kashi 19 cikin 100 ne a kan galibin kayan da ya shafa. Kayan 100,000 sukan koma 119,000. A fakitir, takardar lissafin kayan da aka sayar maka, za ka ga HT, wato kafin haraji, da TTC, wato har da haraji. Wanda aka ba shi 119,000 aka ce ya fitar da ainihin farashi, idan ya cire kashi 19 daga ciki 96,390 zai samu, kuma ba daidai ba ne. Rabawa ake yi da 1.19. A rahoton sayen kaya na ƙungiya ko na makaranta, faɗi a fili ko kuɗin da ka ambata da haraji ne ko babu.

Tiya, buhu, tan, ganga: me ya kamata in sa?

Tiyar gero wajen kilo biyu da rabi ce, buhun kilo 100 kuma yakan ɗauki kimanin tiya 40. Sai dai tiya kwano ce, ba sikeli ba. Awon da aka tsiri da wanda aka shafe ba ɗaya ba ne, kuma nauyin tiyar wake ba na tiyar gyaɗa ba ne. Buhu ma iri-iri ne: na shinkafar shago akwai mai kilo 25, akwai mai 50. Masu bin diddigin farashin hatsi na SIMA da kilo suke fitar da alƙalumansu, shi ya sa ake iya gwama farashin Damagaram da na Maraɗi ko Agadas. Kai ma, idan ka ce buhu, faɗi na kilo nawa. Tan kilo 1,000 ne.

Ganga ta ɗanyen mai ce, lita 159 a taƙaice. SORAZ, wadda aka buɗe a ƙarshen Nuwamban 2011 a kan hanyar Tanut, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana. Lura da kalmar: ƙarfin tacewa ke nan. Abin da ta tace a wani wata takamaimai wani adadi ne daban, sai an tambaya. Haka nan kada a cuɗa ɗanyen mai, irin wanda ake turawa ta bututu daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, da tataccen mai wanda ake sayarwa da lita a gidan mai.

Farashin da na ji a kasuwa, shi ne farashin kasuwa?

Ya danganta da lokacin da ka ji shi. A kasuwar dabbobi mai rago zai sa suna, mai saye ya taya, dillali ya ce "albarka", a yi ta ja har a sallama. Abin da aka fara faɗa da abin da aka sallama suna iya yin nisa sosai, musamman ana gab da Layya. Rahoto na gaskiya farashin sallamawa yake ɗauka, daga ciniki fiye da ɗaya, ya kuma faɗi ko la'adar dillali tana ciki. A hatsi, raba farashin sari da na awo. Sannan sa rana da wuri: ranar Alhamis a Damagaram da ranar Lahadi a Mirya kasuwa biyu ce, farashi biyu. Farashin kaka kuma ba a gwama shi da na tsakiyar damina sai an faɗi cewa lokutan sun bambanta. Abin da ya fi nuna gaskiyar hali shi ne a gwama watan bana da takwaransa na bara.

An ce hauhawar farashi ta ragu, amma kaya ba su sauka ba. Ƙarya ake mana?

Ba lallai ba ne. Tsada ita ce inda farashi yake tsaye. Hauhawar farashi kuwa saurin hawansa ce. Idan ta sauko daga kashi 5 zuwa kashi 3, kaya suna nan suna hawa, sai dai a hankali. Ɗan jaridar da ya karanta wannan ya ce "kaya sun yi sauƙi" ya jawo wa kansa zagi a tasha, kuma masu zagin suna da gaskiya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke fitar da ma'aunin nan, ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, kuma sun ɗaukar wa kansu cewa kada ya wuce kashi 3 a shekara. Matsakaici ne na kaya masu yawa, don haka yana iya zama ƙasa alhali gero shi kaɗai ya yi tashin gwauron zabi.

Karya darajar kuɗi da faɗuwar darajar kuɗi fa?

Na farko hukuma ce ke yanke shi rana ɗaya. Haka aka yi wa sefa a Janairun 1994: faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Dattawan kasuwa har yau suna ba da labarin yadda kayan waje suka yi tsalle. Na biyu kasuwa ce ke yin sa sannu a hankali ko da gudu, irin yadda naira ta yi bayan da aka sakar wa kasuwa canjinta a watan Yunin 2023. Sefa ɗaure take da yuro, babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ne ke buga ta don ƙasashe 8, yana kuma da reshe a nan garin. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen yammacin Afirka, a Janairun 2025 ba ta canza kuɗin da muke kashewa ba, saboda CEDEAO daban, UEMOA daban, kuma bai kamata mai rahoto ya riƙa musanya sunayen ba.

Idan za ka faɗi canji, faɗi na wane: na banki ko na ƴan canji, saye ko sayarwa, kuma na wace rana. A garin da rabin kayan shagonsa daga Kano suke fitowa, canjin naira labari ne na kowace safiya.

Bashi, rance, tallafi: wanne zan yi amfani da shi?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a rahoto kowane da sunansa. Rance kuɗi ne da aka karɓa za a mayar. Bashi ya fi faɗi, ya haɗa har da kayan da aka ɗauka ba a biya ba. Kuɗin ruwa shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. Jingina ita ce kadarar da aka ajiye don tabbatar da biya. Tallafi ba a mayar da shi. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna. Sau da yawa akan sanar a rediyo cewa an bai wa ƙungiyar mata "tallafi", su yi guɗa su karɓa, bayan wata shida a zo karɓar biya da ƙari a kai. Wanda ya kira rance tallafi ya cuci waɗannan mata, ko da bai ci ko dala ɗaya a ciki ba. Haka idan wata ƙasa ko wani banki ya "ba Nijar" kuɗi, a binciko: kyauta ce ko rance? Hatsin da OPVN, hukumar rumbunan abinci ta ƙasa, ke sayarwa da rahusa shi ma ba rabon kyauta ba ne, sayarwa ce a farashi mai sauƙi.

Fakitir da rasi ba abu ɗaya ba ne?

Fakitir tana cewa ga abin da aka sayar maka, ga abin da za ka biya. Rasi, wanda a Najeriya ake ce wa rasit, shaida ce cewa an karɓi kuɗin. Kafin su akwai takardar kiyasi, wadda magini ko mai gyaran mota ke bayarwa kafin a soma aiki, ita kuwa ba shaidar kashe kuɗi ba ce ko kaɗan. Ma'ajin ƙungiyar da ya liƙa takardar kiyasi a rahotonsa a matsayin hujja bai kawo hujja ba. Fakitir ta ƙwarai tana ɗauke da suna, kwanan wata, lamba, hatimi da sa hannu, da kuma NIF, wato lambar da ma'aikatar haraji ke bai wa mai sana'a. RCCM kuwa lambar rajistar kasuwanci ce, ita ke nuna cewa doka ta san da kamfanin.

Lanho, haraji, duwan?

Haraji ita ce babbar kalma da ta rufe duka. Lanho, a bakin mutanen karkara, an fi nufin wanda ake biya ta hannun mai gari ko mai unguwa. Kuɗin duwan na kayan da suka ƙetare iyaka ne, a Najeriya kwastan suke cewa, tsofaffin litattafai kuma kuɗin fito. Tara hukunci ce, kada a sa ta a layin haraji.

Kasafi da bilan, da kuma takardar zaman taro: yaya zan bambanta su?

Kasafin kuɗi gaba yake kallo: abin da ake sa ran samu da abin da aka yi niyyar kashewa. Don haka "an ware miliyan 50 don gina rijiyoyi" ba ya nufin an kashe, ba ya ma nufin kuɗin sun fito. Matakai uku ne: an ware, an saki, an kashe. Rahoton da ya tsallake biyu ya faɗi na uku ya yaudari jama'a. Idan abin kashewa ya fi abin samu, giɓi ke nan, idan ya gaza, rara.

Bilan kuwa, a wurin kwantabul, wato ma'aikacin lissafin kuɗi, hoton kamfani ne a rana guda: abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, galibi ranar 31 ga Disamba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa wa hannu a 1993, kuma tsarin lissafinta ne kamfanoninmu ke bi. A bakin jama'a kuma "bilan" ta zama duk wani bayanin ƙarshen aiki, ba laifi, muddin ba a gaban banki ake magana ba.

Takardar zaman taro, wadda ƴan biro ke kira PV, tana faɗin wanda ya zo, abin da aka tattauna da abin da aka yanke, ba ta ɗaukar ra'ayin sakatare. Rahoton aiki shi ne wurin da za ka faɗi abin da aka yi, abin da ya gagara, dalili, da shawararka.

Hausar Kano zan bi ko tamu?

Bi ta wanda zai karanta. Tun da dokar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ina sa ran takardun aiki da Hausa za su yawaita, kuma ba na ganin dalilin da zai sa mu ji kunyar biro, duwan da fakitir alhali Kano ba ta jin kunyar ofis, kwastan da rasit. Inda kuma Hausa take da kalmarta, kamar kasafi, giɓi, jingina da la'ada, ita ce gaba da kowace aro. Idan rahoton zai shiga intanet, inda ɓangarorin biyu ke karantawa, ambaci kalmomin biyu a karon farko, daga nan ka riƙe ɗaya.

"Ya ce", "ya tabbatar", "ya yi zargi", "wai": akwai wanda ya fi?

"Ya ce" ita ce mafi aminci, kuma ba ta tsufa ko an maimaita ta sau goma. "Ya tabbatar" tana nufin akwai maganar da ke yawo, mai hurumi ya gaskata ta, don haka ba a ba wa kowa ita. "Ya yi zargi" ta wanda ya ɗora wa wani laifi ce, kuma da zarar ka rubuta ta, wajibi ne ka nemi jin ta bakin wanda aka zarga. "Ya amsa" tana ɗauke da ƙanshin laifi, kada ka liƙa wa wanda bayani kawai ya yi. "Wai" kuwa ta hira ce a majalisa, a rahoto tana nuna ko dai ba ka yarda da maganar ba ko ba ka bincika ba. Ka kiyaye da "ya karye" ma: ɗan kasuwar da ya yi asara a kaya ɗaya bai karye ba, kuma kalmar tana iya sa masu bin sa bashi su cika ƙofar gidansa kafin la'asar. Idan majiyarka ba ta son a ambaci sunanta, faɗi matsayinta gwargwadon abin da ba zai tona ta ba, kamar "wani dillali a kasuwar dabbobi" ko "wani ma'aikacin duwan a kan iyaka", ka kuma samo mutum na biyu da zai faɗi abu ɗaya kafin ka fitar.